Shin in kai mahaifiyata gidan dattawa masu cin gashin kansu a Amurka, kuma nawa ne kuɗinsa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Maryland ta Amurka ya rubuto yana cewa shekara uku ke nan da ya ɗauko mahaifiyarsa daga Kano bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ta samu katin zama na dindindin ta hannunsa. Shekarunta 74, da sauran ƙarfinta, in ban da hawan jini da ciwon gwiwa. Damuwarsa ita ce shi da maiɗakinsa suna fita aiki tun da sassafe, yara suna makaranta, Hajiya kuma tana wuni ita kaɗai a gida. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya duba gidajen da dattawa masu cin gashin kansu ke zama tare da tsararrakinsu, amma da maganar ta kai gida sai 'yan'uwa suka ce gidan gajiyayyu zai kai uwarsu. Yana son ya san yadda waɗannan gidaje suke, nawa ake biya, ko gwamnati tana ɗauke wani abu daga ciki, da kuma ko sun dace da Hajiya.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, kai kuma Ya saka maka da alheri, domin ɗan da bai damu da uwarsa ba ba zai lura cewa kaɗaici yana cin ta ba. Na shafe shekaru ina aiki da tsofaffi da iyalansu a ƙasar nan, na shiga irin waɗannan gidaje ba adadi, na kuma zauna da 'ya'ya muna karanta takardun yarjejeniya layi bayan layi kafin su sa hannu. Bari in faɗa maka inda na tsaya tun daga farko. Abin da ake sayarwa a can ɗaki ne da abinci da abokan hira, babu jinya a cikinsa, kuɗin gaba ɗaya daga aljihunka zai fito, kuma ina shakkar cewa Hajiya za ta sami abokan hirar da za ka biya kuɗin dominsu. Ga dalilaina, don ka auna su da kanka.

'Yan'uwanka na gida sun yi kuskure a abu guda, kuma ban ga laifinsu ba, saboda suna ɗaya muke ba wurare da yawa da ba su yi kama da juna ba. A nan abin hawa-hawa ne. Akwai gidan jinya na dindindin, inda ma'aikatan jinya ke kwana suna tashi da mutanen da ba sa iya sauka daga gado, kuma shi ne ya fi kusa da abin da suke tsoro. Akwai wanda bai kai shi ba, inda ake taimaka wa tsoho da wanka da sa tufafi da shan magani a kan lokaci. Akwai kuma sashe mai ƙofa a kulle domin masu ciwon mantuwa. Wanda abokin aikinka ke nufi yana ƙasa da waɗannan duka. Mazauninsa yana riƙe da mabuɗin ɗakinsa, yana da ɗan madafinsa da bayinsa, yana fita ya dawo lokacin da ya ga dama, kuma da yawa daga cikinsu suna tuƙa motocinsu. Babu wanda ya kai su can, su ne suka zaɓa, galibi saboda sun gaji da kwashe dusar ƙanƙara da yanke ciyawa da gyaran rufi, ko kuma abokin zama ya rasu gidan ya yi musu faɗi.

Idan ka shiga ɗaya daga cikinsu da hantsi, abin da za ka fara gani shi ne allo a bakin zaure an rubuta shirin yini: motsa jiki da safe, motar gidan za ta kai masu so kantin cefane, wasan kati da rana, kallon fim bayan abincin dare. A cikin bayi akwai ƙarafunan dafawa a jikin bango da wata igiya da ake ja idan mutum ya faɗi, wasu gidajen ma suna da maɓallin da mazauni ke dannawa kowace safiya don a san ya tashi lafiya. Wannan igiya ita ce ke ruɗar iyalai. Wanda zai amsa ta galibi ma'aikacin teburin karɓar baƙi ne, kuma iyakar abin da zai yi shi ne ya kira lambar agajin gaggawa ta 911 sannan ya kira ka. Ba zai auna jinin Hajiya ba, ba zai tuna mata da maganinta ba, ba zai kama ta ya kai ta bayi ba. A yawancin jihohi ba a ba wa irin waɗannan gidaje lasisin kula da marasa lafiya, matsayinsu a doka ya fi kusa da na mai gidan haya wanda ya haɗa da abinci da shara.

Ka kuma san iyakar shekaru da doka ta amince musu. Dokar gidaje ta 1968, wadda aka yi wa gyara a 1988, ta hana a ƙi ba mutum haya saboda yana da yara, amma an keɓe gidajen dattawa, kuma wata doka ta 1995 ta fayyace sharuɗɗan: ko dai kashi 80 cikin ɗari na ɗakunan da ake zaune a ciki su kasance da aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 zuwa sama, ko kuma duk mazauna su kasance 62 zuwa sama. Ma'anar wannan a wurinka ita ce jikoki za su iya zuwa ziyara, su ma kwana na 'yan kwanakin da ƙa'idar gidan ta yarda, amma ba za a ba Hajiya jika ta riƙe ba kamar yadda muka saba yi wa kakanni.

Kafin mu shiga lissafi, akwai abin da in ka gane shi za ka gane farashin duka. Wannan harka ta bunƙasa ne daga ranar 1 ga Janairun 1960, lokacin da wani ɗan kwangila mai suna Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona domin waɗanda suka yi ritaya, daga baya irinsa suka bazu, har da Leisure World da ke kusa da Silver Spring a jiharku da kuma The Villages a Florida. An gina ta ne a kan wani irin mutum: Ba'amurken da ya yi shekara talatin ko arba'in yana aiki, ya gama biyan bashin gidansa, yana karɓar fanshon gwamnati na Social Security, wataƙila da na wurin aiki da ajiyar ritaya. Idan lokaci ya yi sai ya sayar da gidan ya zuba kuɗin a sabon mazauni. A farkon 2025 matsakaicin abin da mai ritaya ke karɓa daga Social Security bai kai dala 2,000 a wata ba, wanda ke nuna maka cewa su kansu 'yan ƙasar fanshon kaɗai ba ya isar su, kuɗin gidan da suka sayar ne ke cike gurbin. Hajiya ba ta da gida a nan, ba ta da fansho da dala. Kai ne gidan, kai ne fanshon.

Biyan kuɗin ya kasu uku. Mafi sauƙi shi ne unguwar 'yan shekara 55 zuwa sama inda ake sayen gida ko a kama haya kamar ko'ina, a ƙara da kuɗin ƙungiyar unguwa na wata-wata, babu abinci babu shara, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Na biyu shi ne hayar wata-wata da ta haɗa da hidima, kuma shi ne abin da yawancin mutane ke nufi. Matsakaicin farashinsa a faɗin ƙasar yana wajen dala 3,000 a wata, ana samun ƙasa da haka a ƙananan garuruwan kudu da tsakiyar ƙasa, amma a kewayen Washington da New York da Boston da gaɓar California ɗaki mai falo yakan wuce dala 4,000 ko 5,000 cikin sauƙi. A cikin kuɗin galibi akwai wuta da ruwa da ɗumama ɗaki, abinci sau ɗaya ko biyu a rana, sharar ɗaki sau ɗaya a mako ko mako biyu, gyare-gyare, da motar zuwa kanti ko asibiti a ranakun da aka tsara.

Sai dai farashin da ke jikin takardar talla shi ne na ɗaki mafi ƙanƙanta a hawa mafi arha, kuma daga nan ake fara hawa. Ranar shiga akwai kuɗin karɓa da ake biya sau ɗaya, wanda yakan kai kuɗin wata guda ko fiye, kuma yawanci ba a mayar da shi. Idan mutum biyu ne a ɗakin akwai ƙarin ɗaruruwan daloli kowane wata saboda na biyun. Abinci na uku, kai abinci ɗaki ranar da gwiwa ta hana fitowa, abincin baƙo, wankin tufafi, wurin ajiye mota, raka mutum asibiti, kowanne da farashinsa a wata takarda daban wadda ba a miƙa maka sai ka tambaya. Sannan kowace shekara wasiƙa tana zuwa da ƙarin haya, wanda a da yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, amma a 2022 da 2023, da tsadar kaya da ƙarancin ma'aikata suka haɗu, gidaje da yawa sun wuce haka.

Mu ƙaddara ka sami ɗaki a kan dala 3,500, kuma ana ƙara kashi 5 kowace shekara. Shekarar farko dala 42,000 ke nan. Bayan shekara biyar kuɗin wata ya kusa 4,500, kuma jimillar abin da ka biya ta kai kimanin dala 232,000. Wannan idan Hajiya ta ci gaba da zama da ƙarfinta ne. Ranar da ta fara buƙatar a taimaka mata da wanka da alwala da magani, gidan zai ce maka ka ɗauko mai kula daga wani kamfani na waje. Binciken da kamfanin inshora na Genworth ke fitarwa ya nuna cewa a 2024 matsakaicin ladan irin wannan ma'aikaci dala 34 ne a awa, don haka awa huɗu a rana ya haura dala 4,000 a wata, a kan hayar da kake biya. A wannan binciken, gidan da ake taimakon wanka da magani dala 5,900 ne a wata, ɗakin mutum ɗaya a gidan jinya kuwa ya haura dala 10,600. Wato a wani mataki zaman cin gashin kai yakan fi matakin da ke sama da shi tsada, kuma yawancin yarjejeniyoyin suna ba hukumar gidan ikon cewa mazauni ya tashi idan ta ga ba zai iya zama shi kaɗai ba. Na ga iyalai da aka ba su kwana talatin su nemi wani wuri, a daidai lokacin da tsohuwar ta fito daga asibiti. Shi ya sa tambayar da ta fi kuɗin watan farko muhimmanci ita ce: idan ƙarfinta ya ragu, ina za ta koma, kuma wa zai biya?

Kashi na uku an ƙirƙiro shi ne don amsa wannan tambayar. Su ne manyan cibiyoyin da ake kira CCRC, waɗanda suka haɗa dukan matakan a harabar guda, mutum ya shiga da ƙafarsa yana cin gashin kansa, idan jiki ya yi rauni a matsar da shi sashen taimako, daga nan sashen jinya, ba tare da ya bar wurin ba. Akwai kusan 1,900 a ƙasar, kuma mafi yawansu na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ne, da yawa masu asali da coci-coci. Abin da ya bambanta su shi ne kafin alƙalami mai nauyi da ake biya kafin shiga, daga wajen dala 100,000 har zuwa sama da miliyan, matsakaicinsa kuwa kusan dala 400,000, sannan ga kuɗin wata a kai. Yarjejeniyarsu iri uku ce. A ta farko kuɗin shiga ya fi yawa, amma kuɗin wata ba ya canzawa sosai ko da mutum ya koma sashen jinya, wato inshora ce ka saya. A ta biyu ana ba ka wasu kwanaki na jinya ko rangwame, bayan haka ka biya. A ta uku kuɗin shiga ya fi sauƙi, amma duk jinyar da aka yi farashin kasuwa za ka biya, abin da ka saya kawai shi ne fifiko wajen samun gado.

Maganar mayar da kuɗin shiga ita ce inda na fi ganin mutane suna sa hannu ba su fahimta ba. A wani tsarin kuɗin yana narkewa ne wata-wata, sau da yawa kashi 2 cikin ɗari, ta yadda bayan wata 50 babu abin da ya rage. Wanda ya biya dala 300,000 ya rasu ko ya tashi bayan shekara biyu, dala 144,000 sun tafi. A wani tsarin ana alkawarin mayar da kashi 50 ko 90 ga magada, amma kuɗin shigar ya fi tsada, kuma a ƙasan shafi za ka tarar an rubuta cewa ba za a biya ba sai an sami wanda ya shiga ɗakin, abin da kan ɗauki watanni ko fiye da shekara. Idan cibiyar ta karye kuwa, mazauna suna bayan bankuna da masu bashi a layin biya. Kamfanin Erickson, wanda asalinsa a Maryland yake, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2009, ko da yake an saye shi gidajen suka ci gaba da aiki. Wata cibiya a Port Washington ta jihar New York, Amsterdam at Harborside, ta je kotun fatara sau uku, a 2014 da 2021 da 2023, kuma mazaunanta da magadansu sun ɗanɗana kuɗarsu. A jiharku Ma'aikatar Kula da Tsofaffi ce ke sa ido a kan waɗannan cibiyoyi, kuma dole su ba mai son shiga takardar bayanin halin kuɗinsu. Duk wanda zai zuba irin wannan dukiya ya kai takardar wurin akanta da lauyan da ya san dokokin tsofaffi, in ba haka ba sayen kifi a ruwa ya yi. Su ma sukan binciki lafiya da dukiyar mai nema kafin su karɓe shi, don haka da wuya wannan ƙofar ta buɗe wa Hajiya sai da kai a matsayin mai tsaya mata da sa hannunka.

Game da gwamnati, amsar a taƙaice ita ce ba ta biyan hayar irin waɗannan gidaje, ko ga ɗan ƙasa. Medicare, inshorar lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama da aka kafa a 1965, tana biyan likita da asibiti, tana kuma biyan zaman farfaɗowa a gidan jinya har kwana 100 bayan an kwantar da mutum a asibiti kwana uku, kwana 20 na farko kyauta, sauran da ƙarin kuɗi daga majinyaci. Ba ta biyan haya, ba ta biyan mai taimakon wanka na dindindin. Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga marasa ƙarfi, ita ce ke biyan gidan jinya na dogon lokaci, amma sai mutum ya zama ba shi da komai, a yawancin jihohi dukiyarsa kada ta wuce wajen dala 2,000, kuma ana waiwayar shekara biyar baya don a ga ko ya kyautar da dukiyarsa ne.

Halin Hajiya kuma yana da nasa ƙarin ƙulli, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sashe sau biyu. Dokar 1996 ta hana yawancin masu katin zama na dindindin cin tallafin tarayya na marasa ƙarfi, har da Medicaid, sai sun cika shekara biyar, ita kuwa uku take da su. Medicare kyauta ta sashen asibiti sai wanda shi ko abokin aurensa ya yi aikin shekara goma a nan yana biyan haraji. Idan ta cika shekara biyar tana zaune a ƙasar za ta iya saye, kuma a 2025 sashen asibiti dala 518 ne a wata, sashen likita dala 185, wato sama da dala 700 kafin a zo maganar magunguna. Tallafin SSI na tsofaffi marasa hali, wanda iyakarsa a 2025 dala 967 ne, ba zai same ta ba sai ta zama 'yar ƙasa, kuma jarrabawar zama ɗan ƙasa da Turanci ake yin ta, rangwamen harshe na waɗanda suka yi shekara 15 ko 20 da katin ne, sai fa in likita ya tabbatar da wata lalura. Ka kuma tuna takardar I-864 da ka sa wa hannu lokacin ɗauko ta: alkawari ne da kotu ke iya tilasta shi cewa kai za ka ɗauki nauyinta, kuma ba ya sauka daga wuyanka sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika aikin shekara goma a nan tana biyan haraji, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin, ko rai ya yi halinsa.

Akwai ƙofa ɗaya mai sauƙi da ya kamata ka ƙwanƙwasa ko da ba yanzu za ka shiga ba. Ma'aikatar gidaje ta tarayya tana da wani shiri da aka kafa tun 1959, wanda ake kira Sashe na 202, gidajen 'yan shekara 62 zuwa sama masu ƙaramin ƙarfi, inda mazauni ke biyan kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigo masa, kuma mai katin zama yana iya nema. Babu ɗakin cin abinci mai ado a yawancinsu, amma sau da yawa akwai jami'in da ke haɗa mazauna da hidimomi, kuma a nan ne na fi ganin tsofaffin baƙi daga Habasha da Somaliya da Afirka ta Yamma. Layin jira yakan ɗauki shekaru, kuma sa suna ba ya cin ko kwabo.

Yanzu mu ajiye kuɗi mu dubi Hajiya. Akwai wata dattijuwa daga yankinmu da na taɓa bibiyar lamarinta, 'ya'yanta sun kama mata ɗaki a wani gida mai kyau da niyya mai kyau. Na ziyarce ta a cikin azumin bazara. Ana buɗe ɗakin cin abinci ƙarfe biyar na yamma a rufe kafin bakwai, rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan takwas, sahur kuma babu wanda ya san da shi. Na tarar da ita a kan darduma, an kawo mata abincin a rufe cikin roba ya huce, ta ware naman gefe guda saboda ba ta san yadda aka yanka shi ba, tana jiran magariba da shayi da burodi. Butarta tana bayan ƙofar bayi, ta ɓoye ta don mai shara ta taɓa jefar da ita cikin kwandon shara bisa rashin sani. Ma'aikatan mutanen kirki ne, maƙwabtanta suna ɗaga mata hannu suna murmushi, amma ta ce mini tun da ta zo ba ta yi hirar da ta wuce gaisuwa da kowa ba. A gidan ɗanta aƙalla da yamma jikoki suna dawowa su faɗa jikinta. Kuɗin abincin da ba ta ci da wasannin da ba ta shiga suna cikin hayar da ake biya kowane wata.

Kaɗaici ciwo ne na gaske, har babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kansa a 2023, don haka ka yi daidai da ka ɗauke shi da muhimmanci. Amma maganin kaɗaicin Hajiya mutanen da za ta yi Hausa da su ne, waɗanda za su tambaye ta mutanen gida, su yi mata barka da shan ruwa, su kira ta suna da biki. Idan Turancinta yana da ƙarfi, ta saba da zama da baƙin al'ada, kuma ita da bakinta ta ce tana son ɗakinta, to maganata ta canza, domin na ga dattawanmu da suka yi aiki a nan shekaru suna jin daɗin irin wannan zama ƙwarai, kuma babu saɓon Allah a cikinsa. Abin da aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i suka ɗora mana shi ne kyautatawa da tausasa harshe da ƙanƙan da kai ga iyaye idan tsufa ya same su a wurinmu, kuma mizanin kyautatawa shi ne abin da ya sanyaya ransu.

Da ni ne kai, da ɗan kaɗan daga cikin dala 3,500 ɗin nan zan fara. Ka kira Maryland Access Point, wato cibiyar jiharku mai ba da bayani kan hidimomin tsofaffi, ko ofishin kula da tsofaffi na gundumarku, waɗanda ke aiki ƙarƙashin dokar tsofaffi ta 1965, ka tambayi cibiyoyin yini na 'yan shekara 60 zuwa sama, inda ake cin abincin rana da gudummawar ganin dama, wasu ma da motar ɗauka, ka kuma nemi wadda 'yan Afirka ko Musulmi suka fi zuwa. Cibiyar yini mai ma'aikatan jinya tana kama wajen dala 100 a rana, kuma kwana biyu a mako ya isa a gwada. Ka je masallatan yankinku da ƙungiyoyin Hausawa da na 'yan Nijar da Gana ka tambayi ko akwai wata dattijuwa da ke wuni ita kaɗai kamar Hajiya, domin na tabbata akwai, kuma iyalai biyu ko uku suna iya karɓa-karɓa, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan, su haɗa kuɗi su biya mace ɗaya mai jin Hausa ta zauna da su. Wasu iyalan kuma sun sami sauƙi ta raba shekara, hunturu a Kano, bazara a nan, amma ka kula: tafiyar da ta wuce wata shida tana jawo tambayoyi a filin jirgi kuma tana iya katse lissafin shekarun neman zama 'yar ƙasa, wadda ta kai shekara kuwa tana iya cinye katin sai an nemi izinin dawowa kafin a fita, kuma Medicare ba ta biyan jinya a Nijeriya.

Idan duk da haka kana son ka ga gidajen da idonka, ka je ba tare da alkawari ba, da yamma ko ranar Lahadi, ka ci abincinsu, ka tambayi mazauna nawa aka ƙara musu a shekaru uku da suka wuce. Ka karɓi takardar ƙananan kuɗaɗe da cikakkiyar yarjejeniya ka tafi da su gida, ka nemo sakin layin da ya faɗi wa ke yanke hukuncin cewa mazauni ya tashi da kuma kwana nawa ake ba shi, da wanda ya faɗi wata nawa za a ci gaba da cajin haya bayan rasuwa ko tashi. Gidaje da yawa suna ba da zaman gwaji na mako ɗaya ko biyu, kada ka biya kuɗin karɓa kafin a yi shi. Kafin wannan duka, ka zauna da Hajiya bayan sallar isha'i, kai da ita kaɗai, ka tambaye ta abin da ta fi kewa da inda take son ta ƙarasa kwanakinta, ka kuma ba ta lokaci, domin iyayenmu sukan fara cewa babu komai don kada su ɗora wa ɗa nauyi. Abin da ta faɗa a karo na biyu ko na uku, shi za ka kai wa 'yan'uwanka na Kano tare da waɗannan alƙaluma, ka kuma tambaye su wane kaso kowa zai ɗauka, na kuɗi ko na riƙo, idan ta zaɓi ta riƙa yin rabin shekara a gida.